Haure Ne, Amma Na Bishiya

Ba wanda zai iya tuna ranar da aka fara kiransa Bai-Bushe-Ba, amma kowa a layin ya san dalili. Ka je shagonsa ka ce kana son maɓallai shida na sabuwar riga, sai ya zura hannu a buhu ya ɗauko ƙodago guda, wato ƙwallon nan mai tauri da ake bari bayan an gwaguye goruba, ya kai kunne ya girgiza, ya lumshe ido kamar likita na sauraron ƙirji. In bai ji ƙwas-ƙwas ba, sai ya mayar da shi buhu ya ce, “Bai bushe ba. Dawo bayan wata biyu.” Ko rigar angoncinka ce, wannan kai ta shafa. Tela, maƙwabcinsa na dama, ya sha rantsuwa cewa akwai angon da bai samu maɓallansa ba sai da amaryar ta haihu. Tela dai akwai ƙarin gishiri, amma wannan karon bai zuba da yawa ba.

Shagon nasa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin Tela da mai gyaran waya. In mutum biyu suka shiga, dole ɗaya ya riƙe numfashi. Akwai teburi guda da ya sha yanka, da ƙaramin zarto, da magagari uku, da samfefa kala-kala, da wani ɗan injin huji mai kukan sauro. A bayansa buhuna ne jere, kowanne da watan da aka zuba shi rubuce da alli. Farar ƙurar aikin ba ta barin girarsa, har baƙo ya ɗauka furfura ce, alhali furfurar gaskiya tana can ƙarƙashin hula.

Aikin a baki ba wuya. In ƙodago ya shekara yana shan iska, abin da ke cikinsa yakan tsuke ya rabu da ɓawo, shi ne yake wannan ƙarar in an girgiza. Sai a yanke ɓawon da zarto, a fito da ƙwallon cikin, a goge jar fatar da ke jikinsa, sai ga abu fari tas, mai taurin ƙashi. A tsakiyarsa akwai ɗan rami, saboda haka sai mai ido ne ya san inda zai yanka ya kauce masa. Daga nan sai huji, sai samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sai gugar tsumma har abin ya riƙa ɗaukar ido. Da shi yake yin maɓallai da zobba da ’yan kunne, da wasu ƙananan tsuntsaye da masu mota ke ratayawa a madubi. In aka tambaye shi sana’arsa, cewa yake, “Ni farin ciki nake sayarwa.” Sai an yi sororo sannan ya ɗaga ƙwallon ya ce, “Farin cikin ƙodago.”

Amma babban barkwancinsa na baƙi ne. Baƙo ya ɗauki zobe ya juya ya ce, “Baba, wannan fa da me aka yi shi?” Sai ya gyara zama, ya rage murya, ya ce, “Haure ne.” Ya yi shiru. Yana son wannan shirun kamar me. Sai ya ga idon mutum ya fito, ya fara waige-waige, sannan ya ƙarasa: “Amma na bishiya. Giwar tana can da ranta tana kiwo.” Shekara talatin yana wannan wasa, kuma kullum shi ke fara dariya. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Malama saboda ta koyar da lissafi har ta yi ritaya, ta sha gaya masa, “Malam, wannan shirun naka wata rana sai ya ja mana magana.” Ya ce ai shirun shi ne daɗin labarin.

Asalin sana’ar ma Malama ce sanadi. Lokacin da yake nemanta, gyaran keke yake yi, ba shi da halin zinariya ko azurfa. Wata rana ya fasa ƙodago da guduma don wasa, ya ga farin nan, zuciyarsa ta ce ga abin da za a kai wa budurwa. Cikin kwana uku ya fafe ƙwaya guda da wuƙa da ƙusa. Bai san ana jira ya bushe ba. Ya kai mata tana sheƙi, bayan sati biyu ta tsuke, ta karkace, ta tsage a gefe, ga ragowar jar fata a gindinta da ya kasa gogewa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa ta zura mata zare ta rataya a wuya, ta aure shi a haka. Tun daga ranar ya yi wa kansa alkawari biyu: ba zai ƙara taɓa ɗanyen ƙodago ba, kuma kowace shekara zai ƙara mata ƙwaya guda mai kyau.

Ya cika duka biyun. Abin wuyan ya kai ƙwaya talatin da uku, kowace ta fi ta bara kyau, kuma Malama ta san kowace da tarihinta. Wannan ta shekarar da aka haifi ’yarsu ce. Wannan ta shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo suka kwashe wata guda suna jera bokitai. Wannan mai ɗan duhu ta shekarar da mahaifiyarta ta rasu ce, ya jiƙa ta a ruwan shayi don ta ce ba ta son fari a lokacin. Ita kuwa ta farkon tana nan kusa da maɗauri, a karkace. Malama na kiranta Ɗan Fari. Shi kuma Abin Kunya yake ce mata.

Wannan ƙwaya ita ce rigimarsu guda da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

“Malama, don Allah ki bari in cire abin nan. Mutane za su ce ban iya aiki ba.”

“Lokacin ai ba ka iya ba ɗin. Ƙarya za mu yi musu?”

“In sake miki wata irinta, mai kyau.”

“In ka sake ta, ka sake matar ma gaba ɗaya, ka samo mai kyau.”

Nan maganar ke mutuwa, sai wata shekara.

To, ana nan sai ’yarsu tilo, wadda ke aure a wata ƙasa, ta haihu, mijinta ya aiko musu da tikitin jirgin sama su je su ga jika. Malama ta shiga haɗa kaya kamar za a yi ƙaura. Shi kuwa Bai-Bushe-Ba wani abu dabam ne ya tsaya masa a rai. Surukai za su zo gaishe su, mutanen da bai taɓa zama da su sosai ba, za a ce ga mahaifin yarinya, gwanin sassaƙa. Sai ido ya sauka a wuyan matarsa, ya ci karo da Abin Kunya. Duk lokacin da ya tuna haka sai shayi ya fita ransa.

Akwai wani ƙodago da ya ware tun bara don ƙwayar bana, ta talatin da huɗu, mai ƙara kamar ƙararrawa. Da Malama ta tambaye shi ina ƙwayarta ta bana, sai ya kau da kai ya ce, “Bai bushe ba.” Wannan ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi da wannan kalma, kuma har cikin haƙoransa ya ji ta. A ɓoye ya sassaƙa ƙodagon daidai girman Ɗan Fari, sumul, ba tabo ko ɗaya. Ana saura kwana biyu tafiya, Malama da kanta ta miƙo masa abin wuyan ta ce zaren ya tsufa, ya sake. Ya kai shago, ya zare Ɗan Fari, ya zura sabuwar a gurbinta. Ya ɗaga hannu zai jefa tsohuwar a kwandon shara, hannun ya ƙi. Ya buɗe aljihun tebur, ya ga nan ma bai dace ba. Ƙarshe ya sa ta a aljihun rigarsa na ƙirji.

Tela, da ke leƙe ta ƙofa da allura a baki, ya ce, “Maƙwabci, in ta gane ba ruwana. Ni ban ga komai ba, kuma in aka tambaye ni zan faɗa.”

“Ba za ta gane ba. Talatin da uku ne da, talatin da uku ne yanzu.”

“Malamar lissafi kake wa lissafi?”

Ya ba Malama abin wuyan da safiyar tafiya, suna cikin hanzari. Ta ɗaura, ta yafa gyale a kai, ba ta ce uffan ba. A mota ta yi shiru fiye da yadda ta saba, ya ce a ransa tsoron jirgi ne. Har ya ɗan ji tausayinta, ya ce mata kada ta damu, direbobin jirgi sun san hanya.

A filin jirgi komai ya tafi daidai har suka iso inda ake duba kaya. Aka ce kowa ya cire agogo da abin wuya ya sa a tire. Malama ta cire nata ta ajiye. Ƙarƙashin fitilun nan masu haske abin ya yi wani irin kyau, fari fat, sumul daga farko har ƙarshe, har Bai-Bushe-Ba ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Wani matashin jami’in kwastan, mai guga a riga kamar za ta yanki mutum, ya ɗauka ya juya, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

“Baba, wannan da me aka yi shi?”

Ai kuwa tambayar nan ta faɗa masa a daidai inda take faɗawa shekara talatin. Bai ma yi tunani ba. Ya gyara tsayuwa, ya rage murya, ya ce, “Haure ne.”

Ya yi shirunsa.

Jami’in bai san ana jira ba. Kafin “amma” ta fito, ya danna wata ’yar waya a kafaɗa, ya jefa abin wuyan a leda ya liƙe, ya karɓe fasfo biyu, ya ce su biyo shi. Bai-Bushe-Ba na biye yana cewa, “Na bishiya! Ɗana, na bishiya ne, ban ƙarasa ba!” Jami’in ya ce, “Baba, kowa haka yake ƙarasawa in ya ga leda.” Malama na bayansu da jakarta, ta ce a hankali, “Ga daɗin labarin nan, Malam. Sha.”

Aka kai su wani ɗan ofis mai teburi da kujeru uku da fanka. A bayan teburin akwai shugabarsu, wata mace mai jiki da tabarau a kan hanci, wadda da gani ta ga iri-iri. Matashin ya ƙame ya ba da rahoto: hauren giwa, ƙwaya talatin da uku, mai shi ya amsa da bakinsa. Shugabar ta bayyana musu a natse cewa doka ta hana fita da hauren giwa. Za a riƙe abin a aika gwaji, ya ɗauki watanni, kuma masu gwajin sukan fasa abin da suke gwadawa. Su dai suna iya tafiya in sun sa hannu, jirginsu saura minti arba’in.

Nan fa dariya ta ƙare wa Bai-Bushe-Ba. Ya dubi ledar. Shekara talatin da uku ne a ciki, da haihuwa da yoyon ɗaki da rasuwa, za a kai wa wani wanda bai san su ba ya sa guduma. Ya dubi Malama, ya ga ta kafe ledar da ido ko ƙiftawa babu. Rabon da ya ga haka tun rasuwar mahaifiyarta. Tsoro ya kama shi sosai.

Ya shiga bayani, bakinsa na harɗewa: goruba, ɓawo, shekara guda a buhu, ƙwas-ƙwas. Shugabar ta saurara, ta fito da abin wuyan ta duba da gilashin ƙara girma, ta ce, “Baba, in ƙwallon itace ne, a nuna min alama guda. Ɓawo, ko fata, ko tsaga. Wannan ko tabo babu. Kai ka ce ka iya aiki, to ka iya da yawa.”

Alamar tana nan a aljihunsa, tana dukan ƙirjinsa tun daga gida. Ya san in ya fito da ita ya tona wa kansa asiri a gaban matarsa da baƙi biyu. Duk da haka ya kai hannu aljihun. Sannan ya sa yatsu biyu ya zaro Ɗan Fari ya ajiye a teburin, a karkace, da tsagarta da jar fatarta. Bai yarda ya dubi gefen da Malama take ba.

Shugabar ta ɗauka ta duba, ta kankare fatar da farce, ta leƙa cikin tsagar. “Wannan kam ɗan itace ne, ko makaho ya shafa ya sani. Me ya raba ta da ’yan’uwanta?”

“Ranki ya daɗe,” in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, “ni na cire ta. Shekaranjiya. Kunyar surukai nake ji.”

“Ita ce ta farko da ya yi min,” in ji Malama, ba ta dube shi ba ita ma. “Da ita na aure shi.”

Shugabar ta sauke tabarau ta dubi Bai-Bushe-Ba irin kallon da ake wa yaron da ya fasa tulu ya ɓoye a bayan ƙofa. Sannan ta ce wannan ta nuna kanta, amma ba ta wanke sauran ba. Akwai gwajin gaggawa: a gasa allura a dangwala wa guda. Haure warin ƙonannen gashi yake yi, ɗan itace kuwa ƙaurinsa dabam. Sai dai tabon ba ya fita har abada. Ta tura abin wuyan gabansu ta ce, “Ƙirarsu duk iri ɗaya ce a gilashi, guda ta ishe ni. Wacce za a ƙona?”

Bai-Bushe-Ba ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta haihuwar ’yarsu? Ta shekarar da ya yi jinya Malama ta riƙe shago ta sayar da zobba a rabin kuɗi? Kowacce ya duba sai ya ji kamar a jikinsa za a dangwala allurar. Bai gama ba sai ga yatsan Malama ya sauka, kai tsaye, ba lalube, a kan ƙwayar da ke kusa da maɗauri.

“Wannan baƙuwar. Ƙona ta.”

Ya juyo baki buɗe. “Kin sani?”

“Tun kafin in gama ɗaurawa. Shekara talatin da uku tsagar nan tana sosa min wuya a nan,” ta taɓa ƙashin wuyanta, “yau na ji sumul kamar wuyan wata. Na yi shiru ne in ga iya gudun ruwanka. Abin da ya hana ni magana a mota, ina tsoron in tambaye ka ka ce ka jefar.”

A nan muryarta ta karye kaɗan. Wannan ya fi masa zafi a kan duk faɗan da ya yi tsammani.

Matashin ya kawo laita da allura. Shugabar ta gasa ta har ta yi ja, ta dangwala. Wani siririn hayaƙi ya tashi, ofishin ya ɗauki ƙauri kamar an bar gyaɗa a wuta. Ta shinshina, ta miƙa wa matashin ya shinshina. Ya yi tsuru-tsuru, ya ce, “To Baba, me ya sa ka ce haure ne?”

“Ɗana, ai ba ka bari na ƙarasa ba.”

“Shekara talatin ina gaya masa,” in ji Malama. Shugabar ta yi dariya har tabaranta ya zame, ta mayar musu da fasfo, ta ce su hanzarta, an fara kira.

Malama ba ta motsa ba. Ta ce ba inda za ta da wuyan wata. Ta zauna a bencin da ke ƙofar ofis, ta miƙa masa abin wuyan da Ɗan Fari. Lasifika na ta kiran jirginsu, mutane na wucewa da gudu da akwatuna, shi kuwa gwanin sassaƙa yana zaune yana kwance ƙulli da haƙori. Ya zare ƙonanniyar, ya zura Ɗan Fari a gurbinta. Zai sa ƙonanniyar a aljihu, ta riƙe masa hannu.

“Ina za ka kai ta?”

“Ta lalace, Malama. Dubi baƙin tabon nan. In mun dawo zan yi miki ta bana mai kyau.”

“Ta bana ai ga ta. Ba ita ce ka ce min ba ta bushe ba?” Ya sunkuyar da kai. Ta ce, “Zura ta ta ɗaya gefen. Kowace ƙwaya da labarinta, wannan kuwa nata ya fi na kowa daɗi. Da bakina zan ba surukai.”

Ya zura, ya ƙulla, ya ɗaura mata da kansa. Biyu ke nan munana a cikin talatin da huɗu, ta farko da ta ƙarshe, sun sa maɗauri a tsakiya. Malama ta ɗan juya wuya hagu da dama, har ta ji tsagar nan ta sosa ta a inda ta saba. Sai ta sauke ajiyar zuciya, ta miƙe, ta saɓa jakarta.

“Yauwa,” ta ce. “Yanzu na san da wanda nake tafiya. Taso, kada jirgin ma ka ce masa ya dawo bayan wata biyu.”